Ranar da Na Yi wa Kare Guɗa

A ƙauyenmu, can kudancin Kaduna, ba wanda ke koya wa kare komai. Kare yana gadi, yana bin maza farauta, yana lashe ƙanzon tukunya, idan ya sa kai inda bai kamata ba a daka masa tsawa a bi shi da takalmi. Iyakar karatunsa ke nan. Shi ya sa ranar da maigidana ya ce mini a Amurka har makaranta ake kai karnuka, na ɗauka tsokanata yake yi, don ya san ni kaina a aji huɗu na tsaya.

Lokacin muna haya a Takoma Park, a ƙasan gidan wata tsohuwa, baƙar Ba'amurkiya, irin ɗakunan nan da tagarsu ke daidai da ƙasa, ba ka ganin komai sai ƙafafun masu wucewa. Shekarata biyu da zuwa. Maigida yana aikin jinya a asibiti, idan ya tashi ya wuce karatu. Ni kuwa ina gida da 'yarmu mai shekara huɗu, ina ta fama da tsoro. Ina tsoron ƙarar waya, ina tsoron murhun gas, ina tsoron in hau jirgin ƙasa in wuce tashata. Amma babban abin da ke cina shi ne yarinyar. Ba ta da abokin wasa, sai ta zauna gaban talabijin tun safe, bakinta gum, kamar an aiko ta ta yi shiru.

Wata rana maigida ya dawo da kwali a hammata. Karyar wata abokiyar aikinsa ce ta haihu. Ya buɗe, sai ga kwikwiyo ruwan ƙasa, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ƙafafunsa sun fi ƙarfin jikinsa. Daga ranar bakin yarinya ya buɗe. Tana ba shi labari, tana yi masa faɗa, tana koya masa waƙoƙin talabijin, duk da Turanci. Ni da na haife ta ban san tana da magana haka a cikinta ba.

Da ya kai wata shida sai halinsa ya fito. Ƙofa ba ta buɗewa ya tsaya. Kuma unguwar nan cike take da kurege, irin kuregen Amurka da ba su san mutum abin tsoro ba ne. A garinmu da tuni yara sun gama da su, amma a nan sai su zauna kan shinge suna cin abinci da hannu biyu suna kallon ka. Shi kuwa da zarar ya hango ɗaya, kunnensa ya toshe. Ranar nan ya tsallaka titi a guje, wata mota ta ja birki har ta juya gefe, mai motar ya fito yana ta surfa mini maganganu da ban gane rabinsu ba, sai dai fuskarsa ta fassara mini sauran.

Maigida ya ji labari, ya zauna ya cire takalminsa a hankali. Idan ya cire takalmi a hankali na san magana ce mai nauyi.

“Madam, ni aikina kula da marasa lafiya ne, ba zan dawo gida in ɗauko gawar kare a titi ba, yarinya tana kallo. Nan da mako uku 'yan cocinmu za su zo cin abinci. Idan ranar ta zo bai iya zuwa in an kira shi ba, zan kai shi gidan da ake ajiye karnuka marasa masu su.”

“To, makarantar da ka ce fa?”

“Da yamma ake yi, ni ina aji, mota tana wurina. Ke ce malama.”

Ashe yarinya tana ji. Ba ta yi kuka ba. Ta je ta ɗauko kwalin da aka kawo shi a ciki, ta cusa shi a bayan injin wanki, a tunaninta idan ba kwali ba yadda za a mayar da shi.

Washegari na fara koyarwa a bayan gida, yadda na iya. In kira shi, ya ƙi. In sake kira da ƙarfi, in bi shi, mu zagaya bishiya sau biyar. Idan ya gaji ya lallaɓo, sai in cire silifa in ɗan tsula masa biyu don ya san laifinsa. Kwana huɗu ina haka, abin sai gaba yake yi. Da can yana zuwa idan ya ga dama, yanzu kuwa da ya ji muryata sai ya ja da baya.

A rana ta biyar na ji ana ƙwanƙwasa gilashin taga daga sama. Tsohuwar mai gida ce. Ta sauko da sandarta, ta zauna kan matakala. Ni ina ce mata Mama, ita kuma tana ce mini 'yata. Tana mini magana a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, don ta san Turancina ba shi da ƙafa.

“'Yata, me kika yi masa yanzu?”

“Na dake shi, Mama.”

“Saboda me?”

“Saboda ya gudu.”

“Gudu ɗazu ya yi. Abin da ya yi yanzun nan shi ne ya zo wurinki. A wurinsa, zuwan ne ya ja masa duka.”

Na tsaya da silifa a hannu. Sai mamata ta faɗo mini a rai. “Zo, ba abin da zan yi miki,” haka take cewa, kina matsowa ta cafke kunne. Dukkanmu mun san tsawon hannunta, muna tsayawa daidai inda ba zai kai ba. Na dubi kwikwiyo, sai na ga a daidai nan yake tsaye, bai ƙara ba bai rage ba. Na dubi 'yata da ke bakin ƙofa, na tuna ita ma idan na kira ta a daidai nan take tsayawa. Na mayar da silifata ƙafa.

Ashe mijin Mama, kafin ya rasu, yana kiwon karnukan farauta a can kudancin ƙasar inda suka taso, ta san aikin sarai. Ta sa na kwance igiyar shanya na ɗaura a abin wuyansa, doguwa, yadda zai yi yawo amma ba zai ɓace ba. Sannan ta ce in soya hanta in yayyanka ƙanana.

“Hanta, Mama? Wa zai ci?”

“Shi mana.”

A gidanmu idan an yanka akuya, babana ne kaɗai ke cin hanta, mu sai ƙamshi. Na soya ina neman gafara a zuciyata. Ba ni da aljihu, sai na zuba a leda na ƙulle a haɓar zani.

Zama bai ba mu wuya ba. In ɗaga hanta bisa hancinsa, kai ya bi sama, gindi ya faɗi ƙasa, shi ke nan. Tsayuwa wuri ɗaya ta ɗauki kwanaki, don gindinsa kamar akwai tururuwa. Inda aka sha fama shi ne kira, kuma matsalar tawa ce. Mama ta ce idan zan kira shi in durƙusa ƙasa, in buɗe hannu.

“Mama, ni surukaina nake durƙusa wa.”

“Surukanki suna bin kurege?”

Na durƙusa. Ya zo yana raɓe-raɓe, na ba shi hanta.

“Yaba shi!”

Na dube shi na ce, “To, ka yi ƙoƙari.”

Mama ta buga sandarta a ƙasa. “Wannan yabo ne ko gaisuwar mutuwa? Ɗaga murya! Ki nuna masa tun da aka haife ki ba ki taɓa ganin abin kirki irinsa ba!”

Na kasa. Mu ba a yabon yaro a gabansa, kada kansa ya kumbura. Idan kin yi abin kirki a yi shiru, shirun nan shi ne ladanki. Yanzu kuma a ce in tsaya a bayan gidan mutane, ni matar aure, ina ƙanƙantar da murya ina lallashin kare, maƙwabta suna leƙowa? Na gwada, muryar ta fito kamar ta akuya mai mura. Yarinya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ita kuwa da ta kira shi da 'yar muryarta, sai ya zo kamar an harbo shi.

Abu na ƙarshe da Mama ta faɗa shi ne ya fi ƙin shiga kaina. Ta ce idan ya kuɓuce kada in bi shi, don a wurinsa wasa ne, kuma ya fi ni ƙafa. In juya masa baya in gudu, shi zai biyo ni. Na ce to, amma a raina na ce wa ya taɓa kama abu ta hanyar guje masa?

Haka muka yi ta yi kullum da safe bayan maigida ya fita. Igiya ta koma ana jan ta a ƙasa ba a riƙe ba, daga baya muka rage ta, daga baya muka cire ta gaba ɗaya, cikin shinge. Yana zuwa, ba laifi, in dai ba kurege. A kaset ɗin saƙon da na aika wa mamata gida a watan nan na ba ta labarin sanyi da ganyen da ke zuba da ciwon haƙorin maigida, amma ban ce uffan a kan durƙuso ba.

Ranar cin abincin ta zo, Lahadi ce. Na yi gwate, faten garinmu, tukunya guda da tuwon masara, na ɗaura sabuwar atamfa. Bayan sujada mutane suka cika bayan gida: matan zumunta su shida, mazajensu, da wani dattijo mutumin Filato da kowa ke ce wa Baba. Maigida ya ce bayan an ci abinci za a gwada kare a gaban kowa. Ban iya cin komai ba.

Ba a kai ga gwajin ba. Wata daga cikin matan ta shigo da kular abinci a hannu biyu, ta bar ƙyauren shinge a buɗe. Kurege kuma kamar an aiko shi, ya sauko daga bishiya ya bi ta ƙyauren. Kafin in ƙifta ido kare ya fice, ya nufi babban titi.

Yarinya ta ƙwalla wa babanta kira, “Dadi!” Maigida ya daka tsawa irin wadda ke sa ni kaina in tsaya cak, kare ko waiwaye bai yi ba. Na fito bakin hanya, ƙafafuna suna ja na in bi shi. Na hango Mama a barandarta. Haɓa kawai ta ɗaga ta nuna mini ɗaya ɓangaren.

Na tattare zani na juya baya na ruga. Ina gudu ina tafi, ina neman muryar nan ta lallashi, ta ƙi fitowa. Sai kawai na ji hannuna ya kama hancina, na rangaɗa guɗa. Irin ta biki, mai tsawo, wadda rabona da ita tun auren ƙanwata.

To, mu ba a barin mace ta yi guɗa ita kaɗai. Matan zumunta ba su san dalili ba, amma suka amsa, su shida, daga bayan gida. Unguwa ta ɗauka. Labule ya motsa a gidaje uku.

Na waiwaya. Kare ya tsaya a bakin titi, ƙafa ɗaya a sama, kunnen nan mai kwanciya har ya miƙe. Ya dubi inda kurege ya bi, ya dube ni ina ƙara nisa. Sai ya juyo. Na zube gwiwa biyu cikin jiƙaƙƙen ganye, ya faɗo jikina da taɓo a ƙafafu huɗu, ya buga tambarinsa a sabuwar atamfata. Hannuna na dama ya tashi sama da kansa zai kai masa duka, wallahi ban aike shi ba. Na kama shi da na hagu na sauke. Na kwance haɓar zani, don ko a ranar ban iya barin ledar ba, na juye masa hantar duka. Na ce masa yaron kirki ne, na ce masa ba irinsa a duk faɗin Amurka.

Na dawo da shi a gefena, ba igiya. Baba yana tsaye da kwanon gwate a hannu.

“Ikon Allah. Wa ya haihu?”

“Ba kowa, Baba. Kare ne ya dawo.”

Matan suka dubi juna, suka fashe da dariya har ɗaya ta riƙe shinge. “Ke 'yar'uwa! Kare kika sa muka yi wa guɗa?”

Maigida ya share gumi. “Madam, wannan ai biki kika yi, ba kira ba. Kullum haka za mu riƙa tada unguwa?”

Yarinya ta rungume wuyan kare tana kallon bakin babanta. Baba ya sa cokali ya ci gwate, ya haɗiye, sannan ya ce, “Ɗana, kai ka kira da muryar maza bai zo ba. Ita ta kira ya bar nama a guje ya zo. Ni dai abin da idona ya gani ke nan. A ƙaro mini yaji.”

Maigida ya dubi kare, sannan ya ce wa yarinya ta je ta wanke masa ƙafafu kafin ya shiga ɗaki. Ta ja shi suka tafi, tana yi masa faɗa da Turanci.

Daga baya ya koyi zuwa da kira na yau da kullum, har a filin bakin rafi inda ba shinge. Amma abin da ya ji ranar nan bai bar kansa ba. Shekara biyu bayan haka, da muka dawo daga coci da jaririnmu na biyu, mata suka cika ɗaki. Duk wadda ta rangaɗa guɗa, kafin ta sauke hannu daga hanci sai ta gan shi zaune a gabanta, ya nutsu, yana jiran hanta.