Tumunin Amama Mai Koko

Duk wanda ya taɓa bin lungun da ya gangara daga masallacin Malam Imoro zuwa babban kwalbati a Maamobi, cikin Ankara ta ƙasar Gana, ya san gidan Zuberu. Ba wai Zuberu ya yi wani suna ba ne. A ƙofar gidan ne matarsa Amama take sayar da koko da ƙosai, mutane kuma in za su aiki wani sai su ce, "Je gidan Zuberu ka sayo koko." Haka aka riƙa faɗa shekara da shekaru, ba wanda ya ji wani abu ya karkace a maganar.

Amama haifaffiyar Zango ce. Uwarta 'yar ƙabilar Kotokoli ce mai tuwo a unguwar Alajo, ita kuma ta fara ɗaukar tire tun ba ta gama famfara ba. A farkon shekarun 1970 ta auri Zuberu, mutumin Birnin Ƙonni ta Nijar, dogo, marar yawan magana, mai gadi a kantin wani ɗan Labanan. Da kuɗin gadin ya sayi ɗan fili ya kafa ɗaki ɗaya na ƙasa. Wannan nasa ne tun daga tushe har jinka, kuma Amama ba ta taɓa rage masa shi ba. A cikin ɗakin aka haifi Fulera. Biyun da suka biyo bayanta ba su zauna ba.

A 1979, da sojoji suka shiga kasuwanni da maganar farashi, mai kantin ya sa kwaɗo ya bar ƙasar. Zuberu ya nemi wani gadin ya rasa, don sanyin shekarun baya ya bar masa tari, kuma ba mai son ɗan gadin da ɓarawo zai ji tarinsa tun daga bakin titi. Sai ya koma zuwa Zongo Lane kowace safiya, ya zauna a rumfar wani abokinsa mai goro har la'asar. Mutanen lungu suka ce Zuberu ya shiga harkar goro. Shi bai faɗa ba, bai kuma musa ba.

Akwai wata ƙusa a bayan ƙofar ɗaki inda yake rataye hularsa. Wata safiya ya ɗauko hular ya tarar da kuɗin mota da na cefane a cikinta. Bai tambaya ba. Ya sa ta a kai ya fita, da yamma ya dawo da nama ƙunshe a ganye, ya miƙa wa Amama a gaban maƙwabta, ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Maigida." Tun daga ranar hular ba ta kwana wofi ba. Shi kuma in ta rufe ƙofar tsakar gida sai ya tuɓe riga ya faskara mata itace, ya wanke gero, ya riƙe mata bakin ƙyallen tata. Ba wanda ya taɓa ganinsa yana yi. Kowannensu na ɓoye aikin ɗaya, har suka mutu ba su taɓa zama sun yi maganar ba.

Koko ya ciyar da su, har ya yi saura. Ko a 1983, shekarar yunwa, da gero ya ɓace daga kasuwa, Amama ta dama na masarar agaji, mutane suna sha suna ƙorafin launinsa suna dawowa gobe. Sauran da ke ragewa kuwa bulo ya zama. Sai dai mace ba ta tsayawa a bakin hanya tana ciniki da magini alhali mijinta na raye. Don haka duk Juma'a bayan an sauko, Issifu magini yakan zo, Zuberu ya cire hula ya sallame shi. Ɗaki bayan ɗaki, gidan ya miƙe har bakin kwalbati, da kwano da siminti da 'yan haya. Dattawa a masallaci suka riƙa misali da Zuberu: ga mutumin da ya rasa aiki bai zauna ba.

Tarin ya ɗauke shi a 1992. Wajen jana'iza an yabe shi ƙwarai, yawancin yabon kuma a kan gidan ne.

Kafin Amama ta fita takaba ƙanensa Lauwali ya iso daga Ƙonni da jaka ɗaya da buta. Bai taɓa taka Ankara ba. Mutum ne mai ladabi, yana kiranta Yaya, yana shan kokonta kowace safiya yana sa albarka. Fari ya cinye masa dabbobi shekarun baya, ya baro 'ya'ya da yawa a gida, kuma bai ɓoye abin da ya kawo shi ba. Tunda Zuberu bai bar ɗa namiji ba, ƙanensa yana da rabo. Yakan yi murmushi in Amama na magana, don Hausarta ta Zango ce, ba ta cika raba mace da namiji ba. Rabon gado kuwa yana rabawa.

Ana gobe rabo Fulera, wadda ke ɗinki a unguwar Kawukudi inda take aure, ta zo ta sami uwarta tana tata.

"Mma, Malam Imoro ya ce kafin a raba komai sai an cire abin da ba na mamaci ba. Gobe ki buɗe baki."

"In ce me?"

"Ki ce ke kika gina. Wa bai sani ba? Ni da idona na ga hular nan tana haihuwa kullum."

"Kin gani kin yi shiru, kin kyauta. Ci gaba da yi."

"To su kwashe ɗakunan? Baba ya riga ya tafi, ba abin da zai ji."

"Waɗanda suka ɗauki makararsa suna nan, za su ji." Ta matse ƙyallen. "In na ce nawa ne, za su ce to shi me yake yi a Zongo Lane shekara goma sha uku? In na ba su amsa, ke ma gobe 'yar wa za a ce da ke?"

"'Yar mai koko. Ƙarya ce?"

Amama ta miƙa mata bakin ƙyallen, wanda ubanta ke riƙewa a da.

Washegari bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Malam Imoro ya zo da dattawa, da igiya doguwa irin ta guga. Ya yi addu'a, ya tambayi bashi, ba a samu ba. Sa'an nan ya ɗaga murya yadda za a ji daga bakin ɗakin da mata suke.

"Akwai wani abu a gidan nan da ba na marigayi ba?"

Shiru. Malam Imoro maƙwabcinsu ne tun ɗaki yana ɗaya, kuma shi ma yana da idanu. Ya juya wajen magini.

"Issifu, kai ka ɗora bulon nan. Wa ya biya ka?"

"Zuberu, Malam. Daga hularsa zuwa hannuna." Ya sosa ƙeya. "Kuɗin dai suna ƙanshin man ƙosai. Amma ba a tambaye ni ƙanshi ba."

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Malam ya ce shaida a kan abin da ido ya gani take. Ya sake juyawa wajen ɗakin.

"Amama, ke nake tambaya. Shari'a ba ta cin haƙƙin kowa. In kina da gini a nan, faɗi, a cire miki kafin igiya ta taɓa ƙasa."

Tana zaune a bakin ƙofa, Fulera na matsa mata gwiwa. Daga inda take tana hangen fuskokin mazan ɗaya bayan ɗaya. Ga mai goron Zongo Lane, kansa sunkuye. Ga waɗanda suka ce Zuberu ya gina gida da guminsa, kuma ta san in sun fita za su maimaita duk abin da ta faɗa a rumfar mai shayi, da ƙari. Ta san kuma abin da shirunta zai ci: ɗakunan baya, da hayar da take fatan za ta huta a kanta in ƙafafunta sun gaji. Kumburinsu ya riga ya fara.

"Gidan Zuberu ne, Malam," ta ce.

Malam ya jira kaɗan, ko da ƙari. Babu. Ya ce a kawo igiya.

Aka ja ta daga bakin lungu zuwa kwalbati, aka yanke daidai tsawon gidan. Aka ninka ta biyu: rabi ke nan, na Fulera, 'ya tilo. Aka sake ninkawa, aka kuma ninkawa, har ta zama ɗan guntun da mutum zai rataya a kafaɗa. Wannan shi ne tumuni, ɗaya bisa takwas, rabon matar mamaci. Abin da ya rage na Lauwali ne. An yi awon da gaskiya, ba a karkata ko taƙi ɗaya ba, dattawa ma sun yaba da hannun Malam. Da aka shimfiɗa guntun Amama daga bakin ƙofa sai ya rufe rumfar koko da murhu, ya tsaya dab da tulin itace. Wani dattijo ya ce Allah mai hikima, ga shi rabonta ya faɗa daidai inda ta saba zama.

Lauwali ya sami ɗakunan baya, sababbin. Ba zama ya zo yi ba, don haka ya sa su a kasuwa. Wani ɗan kasuwa ya taya, da niyyar ja katanga ya buɗe ƙofa ta kwalbati. Malam Imoro ya ce abokin tarayya ya fi bare cancantar saye. Amama ta ce za ta saya, in za a yi mata haƙuri.

"Da me, Yaya?" Lauwali ya tambaya, ba da raini ba. Da gaske yake son sani.

"Da abin da kake sha kowace safiya."

Aka yi ciniki da sefa, don ita ce ke ci a garinsu. Ya koma gida, yana dawowa duk bayan kaka ya karɓi abin da ya samu. Sidi kuwa, kuɗin Gana, a shekarun nan sai zamewa take, ludayin koko bai ƙara girma ba, bashin yana ja da baya kamar yana gudunta. Hayar ɗakunan da ba ta gama biya ba Lauwali ke karɓa, haka aka yi sharaɗi. Amama ta ƙara ƙosai da yamma. Itacen da ake faskara mata a ɓoye yanzu sai ta biya a faskara mata a fili, nan ne ma ta san farashin aikin da Zuberu ya yi shekara da shekaru. Ta fara zama a kan kujera tana suya, ƙafa ɗaya miƙe a kan bulo. Fulera ta so ta sayar da kekenta ta taimaka, uwar ta ce in ta kuskura kada ta sake tako mata gida.

A 1998 aka zo biyan ƙarshe. Aka sake shimfiɗa tabarmi. Malam Imoro ya tsufa, ana riƙe masa hannu. Amama ta aika musamman a kira Issifu, wanda ya daina gini saboda ciwon ƙugu. Ta fito da kuɗin ƙulle a gefen zane.

Malam ya ce, "Ba wa Tajudeen, mijin Fulera, ya miƙa. Ya fi tsari."

"A'a, Malam."

"Ai duk ɗaya ne, Amama."

"Na taɓa jin haka." Ta taka a hankali ta ratsa tsakanin mazan, tana jan ƙafar, har gaban Lauwali. Ta kwance ƙullin ta zuba masa a tafin hannu. Sa'an nan ta juya. "Issifu, ka gani?"

"Na gani, Mma Amama."

"Hannun wa?"

"Naki." Ya yi 'yar dariya. "Ƙanshin ma bai canza ba."

Lauwali bai yi dariya ba. Ya dubi kuɗin, ya dubi Issifu, ya dubi ɗakunan baya. Ya ce, "Yaya, da na sani…"

"Ka ci halalinka," ta ce. "Malam ya auna, ban ga ya karkata ba. Ka gaishe da yara."

Aka shafa fatiha aka watse. Fulera ta biyo ta rumfa.

"To Mma, kin sayi gidanki sau biyu. Yanzu dai sai a daina cewa gidan Zuberu."

"Je ki hana su."

Ba a hana ba. Amama ta yi shekara guda da 'yan watanni tana karɓar hayar ɗakunanta, sa'an nan ciwon ƙafar ya hau sama, ta rasu ana shirin azumi. Malam Imoro bai iya fitowa ba, wani limami ya sallace ta. Ya ce mace ce mai haƙuri, wadda mijinta ya bar ta cikin rufin asiri da gida nata na kanta, ta kuwa riƙe amanar. Issifu yana sahun baya. Ba a tambaye shi komai ba.

Da Fulera ta zo kwashe kayan ɗaki ta tarar da hular tana nan a ƙusarta bayan ƙofa. Ta sauko da ita ta leƙa ciki, ta kaɗe ƙurar, ta mayar.