Malam Isaka, Mai Ji da Tafin Hannu

A da, idan ya dawo daga sallar asuba, Malam Isaka ba ya komawa barci. Yakan sha kokonsa, ya buɗe shagonsa na kwano da ke bakin hanya a unguwar Talladjé ta Yamai, ya shimfiɗa tsohon tawul a kan tebur, ya jona ƙarfen narka dalma, sannan ya zauna yana jiran ya yi zafi. Shekara talatin da takwas ya yi yana gyaran rediyo da lasifika da ampli, wato akwatin nan da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Rabin lasifikokin masallatan unguwar sun taɓa kwana a shagonsa. Sunansa kuwa bai taɓa hawa jikin takardar wani wasa ba, shi ya sa yau muka ga ya kamata a faɗe shi da babbar murya.

Shekara shida da suka wuce wani ɗalibin jami'a mai suna Mutari ya kawo masa ampli a bayan babur, ya ce yana yankewa. Malam Isaka ya gyara. Da ya gwada sai ya ji wani gurnani mai kaushi yana fitowa, abin da duk mai gyara na kirki ya san ciwo ne. Kwana biyu ya yi yana fama, sai da sautin ya fito tas kamar ruwan randa. Mutari ya dawo, ya jona gitarsa, ya kaɗa sau ɗaya, sai fuskarsa ta canza.

"Baba, ina gurnanin ya tahi?"

"Na cire maka shi. Ciwo ne."

"Baba, ai shi ne kiɗan namu."

Da wani mai gyaran ne, da ya kori yaron, ya ce ƴan zamani sun haukace. Malam Isaka kuwa kunya ta kama shi, don bai saba lalata kayan mutane da sunan gyara ba. Ranar Asabar ya tsallaka gada zuwa Lamordé, ya zauna a kan benci a garejin da su Mutari suke gwaji, ya ce su kaɗa ya ji abin da ya cire.

Kiɗan da suke kira metal progresif suke yi. Waƙa guda sai ta ci minti goma sha huɗu. Ta fara a hankali kamar ana kaɗa gurmi, can sai ta fashe da tsawa, kuma kafin mutum ya saba da tafiyarta sai ta sake taku. Balkissa, budurwar da ke buga musu ganguna, takan jera bugu bakwai-bakwai, ta koma biyar-biyar, ta dawo bakwai ba tare da ta ɗaga kai ba. Tsohon ya fara ƙirgawa da yatsu, ya ɓace, ya sake, ya ƙara ɓacewa, sai ya tuntsire da dariya. Ya ce musu da hayaniya ya zata, ashe aiki ne irin na cikin rediyo, wayoyi rututu amma kowace da inda ta nufa. Tun daga ranar ya zama likitan kayansu, kuma duk Yamai babu wanda ya san yadda ake saita wannan gurnanin sai shi.

Kai ne, Malam Isaka, wanda ya wuce shekara sittin amma bai ji nauyin ce wa sa'o'in ƴaƴan cikinsa su koya masa ba. Kai ne ka kare su ran da maƙwabta suka ce kiɗan aljanu suke yi, ka ce a fara saurara tukuna kafin a yanke hukunci.

Sai dai sana'ar ta ci kunnensa. Na hagu ya mutu bara waccan. Na dama ya fara yi masa ƙara kamar gyare ya shige ciki. Ya ɓoye abin, yana gyaɗa kai idan an yi magana, har sai da ƴarsa Haoua ta gane ta ja shi asibiti. Likita bai yi kwana-kwana ba: idan ya ci gaba da zama gaban sauti mai ƙarfi, sauran jin ma zai tafi, ba kiran salla, ba muryar jikoki. Tsoro ya kama Haoua ƙwarai, shi ma ya kama shi, ko da yake bai faɗa ba. Ya yi mata alkawarin rufe shago ƙarshen wata.

Ana saura kwana uku su Mutari su yi babban wasansu na farko a wani zaure a Yantala, ampli ya mutu. Sun san halin da tsohon yake ciki, don haka suka kai wa masu gyara biyu a ɓoye. Na farko ya kasa, na biyu ya tayar da shi amma ya share gurnanin tas, kamar dai yadda aka taɓa yi. Labari ya kai Talladjé. Malam Isaka ya aika a kawo masa.

Sauya abin da ya ƙone ba wuya. Wuyar ita ce saitin ƙarshe, wanda ba ya yiwuwa sai an buɗe sautin har iyaka, mai gyara yana tsaye dab da lasifika. Haoua ta tsaya a ƙofar shago, idonta ya ciko, ta tuna masa maganar likita. Mutari ya ce a bari, sun fasa wasan. Tsohon ya jona amplin da lasifika. Ya cusa auduga a kunnensa, ya naɗe kansa da tawul ɗin tebur ninki biyu, ya ɗora tafin hannunsa na hagu a jikin akwatin lasifika. Shekara shida hannun yana jin yadda katakon ke rawa idan gurnanin ya yi daidai. Ya yi wa Mutari alama da haɓa ya kaɗa gitar.

Kwanon shagon ya ɗauki rawa. Malam Isaka ya murɗa abin saiti, ya girgiza kai. Ya sake murɗawa, gumi yana zuba. A karo na uku ya tsaya cak, ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa. Mutari ya ce wallahi shi ne.

Aka kashe. Ya warware tawul, ya zare audugar, yana fuskantar bango. Babu wanda ya yi motsi. Haoua ta matso ta bayansa, ta ce a hankali, "Baba." Bai juyo ba. Ta sake kira. Shiru. Balkissa ta rufe baki da hannu. Cikin ruɗewa babu wanda ya lura cewa ta wajen kunnen hagu Haoua ta tsaya.

Can sai ladanin masallacin bayan layi ya ɗaga murya. Malam Isaka ya ɗago kai.

"An kira la'asar," ya ce. "Mi kuke jira?"

Haoua ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Ranar wasa bai shiga zauren ba, don wannan karon ya ji maganar likita. Da yamma aka gan shi a bayan ginin, zaune a kujera, auduga a kunne, tafinsa a jikin bango, yatsunsa suna ƙirga bakwai da biyar. Ƙarshen wata ya rufe shago kamar yadda ya yi alkawari. Har yau hankalin Haoua bai kwanta ba, don likita bai ba da tabbacin komai ba, kuma har yau ba a samu wanda ya gaji wannan hannu ba.

Mun gode, Malam Isaka. Allah Ya tsare maka abin da ya rage, Ya saka maka da alheri. Ku kuma masu sana'a, ku yi koyi da shi: kafin ku kira abu ciwo, ku tambayi mai shi. Wanda duk hanya ta bi da shi Talladjé, ya tsaya ya gaishe shi. Ku tsaya ta damansa, kuma ba sai kun ɗaga murya ba. Har yanzu yana ji.