Ɗorawar Mahaifina a Gonar Tanko

Ranar Farko: Maska zuwa Bakori

Ana sallame asuba na ɗaure wa jakina mangala na fita ƙofar Maska, zuciyata na tafasa. Labari ya zo mini cewa Tanko, wani Bamaguje a ƙauyenmu na asali kusa da Malumfashi, ya sa matansa suna kaɗe ɗorawar mahaifina. Da za mu yi ƙaura, gona kaɗai marigayi ya bar wa uban Tanko, ban da itacen. Kowa kuwa ya san gona daban, ɗorawa daban. Na yi niyya sai gaban alƙali.

Da hantsi na sha fura a Funtuwa, tsami kamar me. La'asar sakaliya na isa Bakori. Mai tsaron ƙofa ya tare ni, don ana tsoron mahara.

"Malam, daga ina, zuwa ina?"

"Shari'a za ni," na ce.

"Allah ya sawwaƙe," in ji shi, ya ba ni hanya. Na kwana a zauren wani maƙeri, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka.

Rana ta Biyu: Bakori zuwa Ƙauyenmu

Rana ta gasa ni ƙwarai, jakin ya yi ta gardama a wani rafi da ya ƙafe. Bayan azahar na sauka gidan Liman, abokin mahaifina.

"Isuhu," ya ce, "a nan ba a zuwa wurin alƙali sai dattawa sun zauna. In mun kasa, ga hanya nan."

Raina bai so ba, amma ba na iya musa masa.

Rana ta Uku: Gindin Ɗorawa

Haka suke yi: Liman da Sarkin Noman Maguzawa su zauna tabarma ɗaya, a kan abin da ake rigimarsa, kowa ya faɗi nasa ba a katse shi. Na zuba magana har da ɗaga murya. Tanko bai musa ko ɗaya ba.

Sarkin Noma, tsoho tukuf, ya ce, "Malam, itace naku ne. Ko gaban wa ka je, kai ke da gaskiya. Amma taso ka ga wani abu."

Ya kai ni kufan gidanmu, wanda yanzu ya zama tsakiyar gona. Kunyoyi sun zo sun kauce wa wani ɗan fili, an share shi fes, an kewaye da duwatsu. Kabarin mahaifiyata ne. Shekara goma sha ɗaya ban tako wurin ba.

"Innarka ce ta goya ni lokacin da tawa ta rasu," in ji Tanko. "Garma ba ta hawa kanta muddin ina numfashi."

Wallahi kunya ta kashe ni. Na durƙusa na yi ta kuka, da gemuna. Dattawa suka yanke a raba kalwa biyu duk shekara. Na ce a'a, Tanko ya riƙe duka, shi da 'ya'yansa.

Komawa Gida

Kwana biyu na yi a hanya, na shiga Maska da magariba. Na gode wa Allah, na gode wa dattawan da suka hana ni zuwa wurin alƙali. Da na je, da na ci shari'a, na kori mai share kabarin uwata daga gindin ɗorawa.