A'a Da Na Rubuta

Shekarar da aka rufe iyakar kudu, shinkafa ta gagari talaka, ɗiyata ta dawo gida da ciki wata bakwai. Aurenta na biyu ne. A na farko ta binne yara biyu, duka da emasi, ciwon nan na jini da ke kumbura wa yaro hannu da ƙafa, idonsa ya koma rawaya. Ni na yi musu salla. Ranar haihuwarsu da ta rasuwarsu na nan cikin kundina da ajami, layi kusa da layi.

Ungozomar likitar Gidan Rumji ta ce rabin ciwon na cikin jinin ɗiyata. Sai a auna na mijin. In shi ma yana ɗauke da shi, cikin na iya bin 'yan'uwansa. In babu, ya tsira da yardar Allah.

Surukina ɗan kabu-kabu ne a Maradi, can aka ɗibi jininsa. Ranar da ya karɓi takarda ya kira ni bayan la'asar. Rezo ba kyau, murya na zuwa tana tafiya.

Na ce, "Jinin naka lafiya?"

Ya ce, "A'a ne, Baba. A'a."

Layi ya yanke. Ban kira shi ba, shi ma bai sake kira ba. Suruki da suruki ba sa jan zance, balle a kan ciki. Na buɗe kundi, ƙarƙashin yaran nan biyu na rubuta a'a. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba. Na wanke alƙalami.

Da na faɗa wa ɗiyata tana tsintar wake. Ta ce, "To, Baba." Ta ci gaba da tsinta. Washegari na ga 'yar rigar da take ɗinkawa a ninke kan rumbu, allura na soke a jiki.

Haka muka yi kwana tara. Muna ci, muna salla.

Ranar kasuwa sai ga surukina da buhun gawayi a bayan babur. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa, fuskarsa sai ƙyalli take.

"Baba, na ce maka albishir rannan, ba ka ce goro ba."

"Wane albishir? Ka ce mini a'a."

Ya miƙo takardar, kansa a ƙasa. Baƙaƙe biyu ne na boko, kowane kamar jinkar ɗaki da sanda a gicciye.

"Wannan sunansa A, wannan ma A. Sunan jinin ke nan, Baba. Mai A biyu ba ya ɗauke da komai."

Na ce, "Alhamdu lillahi." Bakina ne ya faɗa, zuciyar ba ta iso ba tukuna. Ɗiyata na tsaye bakin ƙofa, ta ji duka. Ba ta yi guɗa ba. Ta je ta ɗauko rigar daga kan rumbu, ta kakkaɓe ƙura.

Ban goge kalmar daga kundi ba. Abin da ya faɗa na rubuta.

Kafin magariba na taka har tasha, na zaɓi goro fari guda, babba. Na tarar da shi yana ɗaure igiyar babur.

Na ce, "Sake faɗa."

"Albishirinka, Baba."

"Goro."

Ya karɓa da hannu biyu.