Fuska a Hasken Wutar Banda

Kakata Gwamma bandar kifi take yi a bakin tafki, a wani ƙauye kusa da Ngaski. Bayan isha'i mukan zagaye murhunta. Wutar nan ba ta barin komai da kamanninsa: farin kwanon sha ya koma ja, shuɗin zanen Inna ya zama baƙi, hannuwanmu kamar an ƙunsa mana lalle.

Akwai tatsuniyar da nake tsoro, ita kuma ita ta fi so.

"Matso nan, matsoraciya," in ji ta. "Ga ta nan tafe, ku tarbe ta."

Wai wani masunci ne iska ta same shi a tsakiyar ruwa, aka jima ba labarinsa. Wata magariba sai ga shi ya shigo gida, ya zauna gaban wuta, jikinsa jajir, lafiya lau. Ba ya taɓa tuwo, kafin asuba kuma ya ɗauki filafilinsa na tuƙi ya fita. Kullum haka. Uwar matarsa ta ce mata, "Ke da ba ki sayen kifi a hasken wuta sai da safe kin duba idonsa? Mijin ma ki duba shi."

Matar ta ɓoye filafilin. Yana ta nema har gari ya waye. Sai ga fatarsa kamar toka, leɓensa fari fat, abin da ta ɗauka inuwa ce a kansa ashe ciyawar ruwa ce. Ya ce, "Da kin bar ni gaban wuta, da ina ta zuwa." Ya nufi ruwa, bai waiga ba.

A nan Kaka takan ja baya daga murhu, farin wata ya sauka a fuskarta, jan ya gushe. Mu ƙanƙame juna, ita tana dariya.

Na girma ina ganin matar ta yi daidai. Bara kwalekwalen 'yan kasuwa ya kife da baban yarana. Da magariba aka kawo shi, aka shimfiɗe shi kusa da fitilar ƙwai. A wannan hasken kamar barci yake yi, kamar in taɓa shi ya motsa. Wansa ya kunna tocilar wayarsa don ya duba shi.

Na ce, "Yaya, don Allah kashe. Gari zai waye ai."

Ya kashe.