Ranar da Mutanen Partago Suka Shanye Kuran Baffa Iliassou

A Djougou aka haifi Baffa Iliassou, a gidan da ayarin fataken goro ke sauka tun zamanin kakanni. Ayari ya daɗe da daina zuwa, amma ƙa'idar gidan tana nan: baƙo ba ya neman ruwa sau biyu. Yayansa, Malam Muttaƙa, shi ya gaji makarantar allon gidan. Iliassou kuwa hannunsa ba ya zama lafiya. Rediyon mahaifinsu ya fara kwancewa yana yaro, har yau ba a haɗa ba.

Da ya girma sai ya koma Parakou, ya buɗe rumfar gyaran famfo a unguwar Titirou. Gyara kam ya iya, ƙirƙira ce ke ba shi kunya. Injin dakan sakwara da ya haɗa, a kan rufin maƙwabta aka je aka kwaso sakwarar. Tun daga nan Malam ya hana shi taɓa ko makunnin fitila a gida, abin kuma yana ci masa rai.

Wata rana Shafi'u, ɗan ƙaninsu mai karatun lantarki a jami'a, ya zo rumfa yana ba shi labari.

"Baffa, a wasu ƙasashe in kuran, wato wutar lantarki, ya yi yawa, sai su tura ruwa da famfo zuwa tafki a kan dutse. In ya yi ƙaranci su sako shi, ya gangaro ya juya inji, kuran ya dawo. Batir ne na ruwa, yana riƙe gari guda."

"Ashe famfo ne kawai!"

"Baffa, dutse fa na ce. Da tafki."

"Tsawo dai ake nema, ko?"

Ana haka aka sa ranar saukar Alƙur'ani ta Nana Khadija, autar Malam, yarinya mai ƙaramar murya, wadda in tana magana sai ka kara kunne. Malam ya ce za a yi hayar gurup, wato janareto, saboda lasifika, don kuran ba shi da alkawari da damina. Iliassou ya shiga mota sai Djougou.

"Yaya Malam, hayaƙi da ƙara a wurin karatu? Ka bar min lasifikar nan."

Malam ya dube shi. "In muryar yarinyar nan ta yanke a gaban jama'a, ko keken yara kada ka sake taɓawa a gidan nan."

Baffa ya ce ya ji. Ya kafa doguwar hasumiyar ƙarfe a tsakar gida, ya ɗora tanki. Pano na hasken rana yana ba famfo ƙarfi, famfo yana kai ruwan rijiya sama. Daga tanki bututu ya sauko kan wata 'yar farfela da ya haɗa da dinamon tsohuwar mota. Aka gwada, lasifika ta yi magana! Don kada yara su taɓa masa famfo, ya rufe bakin rijiya da katako ya buga ƙusa. Bai tuna cewa rijiyar nan ita kaɗai ce a gidan ba.

Ranar sauka tanki ya cika tun hantsi. Sai hadari ya rufe rana, pano ya yi barci. Baƙi kuma suka dira daga ƙauyukan Partago, mota bayan mota, ruwan randuna ya ƙare kafin azahar. Baffa ya tsaya gadi a gindin bututu, inda ya sa ɗan kan famfo na gwaji. Wata tsohuwa ta dogaro sanda ta miƙo buta.

"Ɗana, ruwa."

"Inna, wannan ajiya ce. Kuran ne a ciki."

"To zuba min kaɗan daga ajiyar in yi alwala."

Ya dubi tanki, ya dubi tsohuwa. Ya ga tana shirin buɗe baki karo na biyu. A gidan ubansa! Ya yi maza ya murɗa.

Kafin ya rufe, layi ya kai zaure. Matarsa Hajo ma ta zo da kwano. "Maigida, shinkafar baƙi da hasken rana zan wanke ta?" Duk butar da ta cika, Baffa yana jin kamar aya guda ce ta fita daga lasifika.

Bayan la'asar Nana Khadija ta zauna da allonta mai zayyana. Iska ta taso, kuran na gari ya ɗauke. Baffa ya buɗe bututu, farfela ta juya, murya ta cika gida. Ya fara kallon Malam yana murmushi. Ko Fatiha ba ta kai ƙarshe ba, bututu ya yi tari, ya yi shiru. Bakin yarinya yana motsi, babu mai ji.

Tsohuwar nan ta tambayi abin da ya faru. Shafi'u ya ce, "Inna, ku ne kuka yi alwala da kuran ɗin."

Ta buga sanda a ƙasa. "Mun sha na mai gida, za mu zauna muna kallo? Ku tashi, ƙattin banza!"

Mazan Partago suka ɓanɓare katakon da taɓarya. Guga ya shiga rijiya, bokiti ya bi hannu zuwa hannu, ya hau tsani, ya faɗa tanki. Limamai suka naɗe hannun riga. In layi ya yi sauri murya ta ɗaga, in wani ya tsaya gyara hula ta yi ƙasa, tsohuwa ta kira sunan ubansa. A haka Nana Khadija ta sake daga farko, ta kai ƙarshe, har na bayan zaure suka ji.

Da aka watse Malam ya zo ya tsaya ƙarƙashin tanki, bakin rigarsa sharkaf, don shi ma ya miƙa bokiti.

"Murya ta yanke, Iliassou."

"Ta dawo, Yaya Malam."

"Ta dawo. Injinka yana aiki, sai dai yana cin shinkafa da yawa." Ya juya zai tafi, sai ya waiwayo. "Agogon zaure ya tsaya. Ka duba shi kafin ka koma Parakou."

Tankin yana nan, matan gida suna sa masa albarka kullum. Agogon ne dai har yanzu yake Titirou, a warwatse cikin kwano.