Motar da Ke Nuna Awaki

Duk wanda ya taɓa kai mota gyaran wuta a bakin tashar Anka ya san Lirwanu mai wayarin. Gajere ne kakkaura, sukudireba ba ta rabuwa da aljihun gabansa, kuma ba ya dariya sai abu ya kai a yi masa dariya. Asalinsa mutumin Gummi ne, auta a ɗakinsu. Zinari ne ya fito da shi daga gida yana saurayi, lokacin da samari ke ta kwarara Tungar Daji. Ya je, ya ɗan samu, ya auri Habsu, aka haifa musu 'ya mace. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, Sahura, shi ya sa ba a kama sunan a gidan. Mutane na ce mata Rufaida, shi kuwa Innata yake ce mata.

Kuskuren da ya yi, kowa a garin ya yi shi. Dutsen zinari ba abin bari a daji ba ne wani ya kwashe, don haka a buhu ake ɗauko shi a kawo har cikin gida. Mata su daka shi a turmin da suke surfen gero, a shanya garin a tsakar gida, yara na rarrafe a kai suna kai hannu baki. Ba wanda ya san akwai dalma a cikin dutsen nan. Sai da yara suka fara sanƙarewa, ana kai su makwanci safe da yamma, sannan likitoci suka zo suka faɗi sunan abin. Rufaida na da shekara biyu a lokacin. Ta rayu, amma gubar ta riga ta taɓa mata kai. Lirwanu ya kwashi iyalinsa ya dawo Anka kusa da asibiti, ya koyi wayarin da girmansa, bai sake taɓa dutse ba. Har yau in aka ɗauko zancen zinari a gareji, tashi yake ya ba su wuri.

Rufaida ta kai shekara goma sha biyu, doguwa, tsaf da ita, kalmomin bakinta ba su wuce goma ba. Ba ta da rigima in tana gida. Amma a sa ta a mota, to an taɓo bala'i: ihu, buga kai a gilashi, wawurar murfin ƙofa mota na gudu. Zuwansu Gummi na ƙarshe da ita, shekara shida ke nan, da goshi a fashe aka isa. Ga shi hanyar yanzu ba wadda ake tsayawa a rarrashi yaro ba ce, akwai wuraren da ko taya ta fashe direba ba ya taka birki. Saboda haka duk Sallah sai a bar ta gidan maƙwabta, a tafi da ƙannenta biyu, Usama da Jannatu. Abin yana cin Lirwanu ƙwarai. Duk ranar da ya ja mota ya bar ta, ji yake kamar ya sake yi mata laifi na biyu.

Ana saura wata biyu azumi, aka kira shi a waya daga Gummi. Mahaifiyarsa ce. Gwiwoyinta sun ƙi, shekara uku ba ta ƙetare zaure ba, ido ma ya soma tafiya.

"Auta," ta ce, "ina takwarata? Hoton wayag ga da kuka nuna man ba ni ganin komi ciki. Ka kawo man ita."

Kafin ya amsa, wansa Sharu, wanda ke riƙe da gidan, ya karɓe wayar.

"Kak ka biye ma tsohuwa. Ka manta abin da yarinyag ga tay yi wancan zuwan? Bar ta inda take. Allah ya riga ya yi ta haka."

"Yaya," in ji Lirwanu, "ɗiyata ta, kuma jikar Inna ta. Kahin azumi muna tahe, mu biyar."

Ya faɗa ne kawai don zuciya, bai san yadda zai yi ba. Sai ga wani ma'aikaci ya kawo masa wata motar Kwatano gyaran fitila, yara uku a baya, shiru kamar ba kowa. Lirwanu ya leƙa. Ashe ɗan talabijin ne a bayan matashin kujerar gaba, sun zuba masa ido. Ranar bai yi wani aikin kirki ba. Cikin sati ya sa aka nemo masa irinsa a wurin 'yan gwangwan na Gusau, an ciro daga wata mota da ta yi hatsari.

Tasa motar tsohuwar Golf ce, ja, ƙofar direba sai an ɗaga ta take rufuwa. Ya zare matashin kujerar mai zaman banza, ya kai wa mai kushin, aka yanke soso daidai faɗin allon aka ɗinke gefe. Ya zura waya ta cikin ƙarfen matashin, ta bi bayan kujera, ta shige ƙarƙashin kafet har gaba. Bai haɗa ta kai tsaye da batir ba, ya bi da ita ta makulli, ya sa mata fiyus nata na kanta. Sannan ya yanko roba mai kauri mai haske ya rufe fuskar allon, don ya san hannun 'yarsa. Aiki ne mai kyau, ko maƙiyi ya gani ya san mai sana'a ne ya yi shi.

Amma zaman gareji ba ya rasa masu bakin magana, waɗanda ba su taɓa ɗaura ko ƙusa ɗaya daidai ba. Shugabansu Mainasara ne, direban bas ɗin Bukkuyum, mutumin da in bai tsokani wani ba abinci ba ya faɗa masa.

"Lirwanu, motad da sai an tura ta ita ka samun talbijin? Saura ka sa mata firji!"

Wani dattijo kuma ya ce almubazzaranci ne, kuma hanyar lalata tarbiyyar yara. Lirwanu ya ci gaba da naɗa salatif ɗinsa.

Ranar gwaji ya sa mata katun, irin wanda yaran ma'aikacin ke kallo. Ko kwanar layinsu ba su sha ba ta fara ihu. Ya canza ya sa waƙoƙin yara, ya sa fim, duk ɗaya. Ya dawo da ita gida, ya zauna a dakali ya rafka tagumi. A nan Habsu ta same shi, da rariya a hannunta.

"Malam, kai ma dai. Yaushe ka taɓa ganin ta kalli talbijin? Awaki taka kallo, sai ni in ina tankaɗe. Wuni taka yi a haka."

Ya ɗago ya dube ta. Shekara goma yana ganin abin nan kullum, bai taɓa lura ba.

Washegari bai fita aiki ba. Ya kifa bokiti a daidai inda Rufaida ke zama, ya jingina wayarsa a kai, ya bar ta tana ɗauka. Ba wani abu ba ne a ciki. Jar akuya da 'ya'yanta biyu suna cin dusa. Kaza ta ratsa. Habsu na tankaɗe, tana bugun gefen rariya da tafin hannu. Can ana jin guga na faɗawa rijiya. Kwana uku yana ɗauka, ya haɗa ya zuba a memori, ya soka wa allon.

Bai yi gaggawa ba. Ranar farko a ƙofar gida suka zauna cikin motar, ba a tada inji ba. Rana ta biyu ya tayar, bai motsa ba. Sai a rana ta huɗu ya zagaya unguwa a hankali, yana satar kallonta ta madubi. Tana zaune, ta dafa robar da yatsa ɗaya, tana bin jar akuya. Da sati ya zagayo har tasha ya kai ta, ya tsaya a gaban gareji da gangan.

Mainasara ya leƙo, ya kalli allon, ya sake kallo, sai ya riƙe ciki.

"Jama'a ku taho ku gani! Wallahi awaki na! Mutum ya bar awaki gida, ya sawo talbijin don shi kalle su cikin mota!"

Aka taru ana dariya. Lirwanu ya fito, ya ɗaga ƙofarsa ya rufe, ya tsaya a gabansu.

"Awakina na, motata ta, ɗiyata ta. Wanda abin yad dama shi kau da kai. Kai kuma Mainasara, in hon ɗinka ya sake mutuwa, nemi wani."

Dariyar ta ragu, don duk tashar ba wanda ya iya hon ɗin bas ɗin nan sai shi.

Ranar Asabar, saura kwana tara azumi, suka kama hanya da hantsi, a bayan ayarin bas-bas kamar yadda kowa ke yi yanzu. Habsu a gaba, yara uku a baya, Rufaida a daidai allonta. A wani shinge jami'i ya sunkuyo ya duba, ya ga awaki na tuƙa a bayan kujera, ya kalli Lirwanu, ya ɗaga hannu ya ce su wuce yana girgiza kai. Tafiya ta yi kyau har suka bar Nasarawar Burkullu. Daga nan ne, a tsakiyar dajin da ba a tsayawa, motar ta faɗa wani rami, allon ya ɗauke.

Rufaida ta fara wani gunji ƙasa-ƙasa, wanda duk gidan sun san abin da ke biyo bayansa. Jannatu ta fashe da kuka. Amma Lirwanu ya san aikinsa ko bai gani ba.

"Habsu, sa hannu ƙarƙashin kujerakki. Akwai inda nin naɗe da salatif. Matse shi."

Ta duƙa ta laluba ta matse. Awaki suka dawo. Ta saki kaɗan, suka ɓace. Haka ta tafi a duƙe, kanta na bugun gaban mota, yatsunta a kan haɗin, har Daki Takwas. Da ya tsaya ya gyara, sai da ya buɗe mata yatsun da hannunsa, don sun ƙage.

Sun shiga Gummi kafin azahar. Usama da Jannatu suka dire suka ruga cikin gida. Rufaida kuwa ta dubi baƙon zaure, ta dubi mutanen da suka fara taruwa, ta ƙanƙame kujera. Aka yi rarrashi, aka kawo alawa, ko gezau. Lirwanu ya taɓa hannunta, ta soma gunjin nan, ya janye.

"To ga shi nan," in ji Sharu, yana tsaye a bakin zaure da carbi. "Na hwaɗa maka. Ko a ɗauke ta da ƙarhi a shiga da ita, ko ka juya da abinka. Kak ka tara muna jama'a ƙohwar gida."

"Ba mai taɓa ta, Yaya."

Ya bar motar a kunne, Habsu na gadi, ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya durƙusa. Ta rame fiye da yadda ya zata. Ko gaisuwa ba ta bari ya gama ba.

"Tana ina?"

"Tana cikin mota, Inna. Ta ƙi hitowa."

Tsohuwa ta yunƙura. A gidan nan, tun da aka kafa shi, yaro ke zuwa ya durƙusa gaban babba, kuma dattijuwa irinta ba ta zama a titi.

"Ƙahwahuna sunka mutu, ba ni ba," ta ce. "Juyo bayanka."

Sharu ya biyo su yana cewa, "Inna, gaban mutane? Mi za a ce?" Ba wanda ya saurare shi. Lirwanu ya goya uwarsa, ba ta fi nauyin Jannatu ba, ya ratsa tsakar gida da ita, ya ratsa zauren da ta shekara uku ba ta gani ba, ya fito cikin rana. Masu kallo suka dare. Ya zaunar da ita a kujerar baya, ya gyara mata mayafi, ya tura ƙofar a hankali.

Tsohuwa ba ta yi wa yarinyar magana ba, ba ta kuma kai mata hannu ba. Ta dai matso da fuskarta kusa da hasken tana ƙifta ido. An ɗauki lokaci a haka.

"Ƙawata," ta ce daga baya, "ni ba ni gani. Mi anka nuna nan?"

Rufaida ba ta juyo ba. Sai can ta ce, "Akuya."

"Taki ta?"

Yarinyar ta kamo hannun tsohuwar, ta ɗora shi a kan robar, ta danne da nata. Da ɗaya hannun Inna ta laluba a hankali, ta shafa kanta, ta sauko goshi, ta tsaya a kunne. Rufaida ta bar ta.

"Kunnuwana tad ɗauko," in ji Inna.

Lirwanu ya juya wa motar baya, ya fuskanci jama'a, hawaye na zuba, bai share ba kuma bai sunkuyar da kai ba. Ta tagar da ke buɗe ya ji uwarsa na kiransa.

"Auta, kak ka kashe motag ga. Ce ma Sharu a kawo muna hura nan. Ni da ƙawata ba mu gama kallo ba."

Sharu ya ji da kunnensa. Ya daɗe a tsaye yana duban kawuna biyun nan ta gilashin baya, sannan ya sa carbinsa a aljihu, ya shiga gida ya ɗauko ƙwaryar da kansa.